RUMBUN GAJIMARE: INDA ƊAN KASUWAR YAU ZAI AJIYE LITTAFINSA

Jawabin da aka gabatar a taron 'yan ƙungiya a Akurba, Lafiya

 

 Ina gode wa shugabannin ƙungiya da suka ga ya dace a keɓe wannan lokaci domin mu tattauna wani al'amari na zamani wanda ya shafi neman abincinmu kai tsaye.

Abin da aka nemi in yi magana a kai shi ne abin nan da masana kwamfuta ke kira kilawud, wato gajimare ko girgije da Hausa. Na san da jin sunan wani zai ce a ransa, to mu da muke sayar da doya da riɗi da shinkafa, me ya haɗa mu da gajimare in ba roƙon ruwa ba? Ina roƙon a ba ni aron kunne, domin kafin in sauka, in Allah Ya so, za a ga cewa da yawanmu mun daɗe muna cikin wannan gajimare ba mu sani ba.

INA DUKIYAR ƊAN KASUWA TAKE?

Bari in fara da tambaya. In aka ce wa ɗan kasuwa ya nuna dukiyarsa, zai nuna buhunan da ke sito da kuɗin da ke banki. To amma duk wanda ya daɗe a kasuwa ya san akwai kashi na uku, wanda wani lokaci ya fi waɗannan biyun yawa, shi ne abin da ke hannun mutane. Wane ya karɓi buhu goma sai ranar kasuwa. Wane an ba shi kuɗi ya shiga ƙauye sayen riɗi. Wane na Dawanau an aika masa da lodi bai gama biya ba. Wannan dukiya ba ta da sito sai littafi, ko kuwa ƙwaƙwalwar mai ita, ko wayar da ke aljihunsa.

Kuma kowa ya san abubuwan da ke cin littafi: gobara, ruwa, gara, ɓera da ɓarawo. Ba mu manta da gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016 ba, ko ta babbar kasuwar Sakkwato a Janairun 2021, ko ta babbar kasuwar Katsina a watan Maris na 2021. In wuta ta tashi, kayan da suka ƙone ake lissafawa a rediyo. Ba a lissafa littafin bashin da ya ƙone tare da su, alhali kuwa da shi ne mutum zai bi mutane ya tara abin da zai sake tada rumfa. Hausawa na cewa abin da ya ci Doma ba ya barin Awai, mu kuwa nan Lafiya mun fi kowa sanin cewa garuruwan nan biyu maƙwabtanmu ne.

Ita ma ƙwaƙwalwa, da mai ita take tafiya. Sau nawa muka ga maigida ya rasu, magada sun san ana bin mutane kuɗi, amma ba wanda ya san ko nawa ne, ko a hannun wa? Sai a dogara ga tsoron Allah na wanda ake bi. Ba banza ba aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, a Suratul Baƙara, ta kasance a kan rubuta bashi. To, rubutawa mataki ne na farko. Mataki na biyu shi ne a ina za a ajiye rubutun? Nan ne maganar gajimare ta shigo.

MENE NE GAJIMAREN?

Jama'a, ba wani abu da ke rataye a sararin sama. Abin da ake nufi shi ne, maimakon ka sayi babbar kwamfuta ka girke ta a shagonka domin ajiyar bayanai da yin lissafi, sai ka yi hayar wuri a cikin kwamfutocin wani kamfani da ke nesa, kana isa gare su ta intanet daga wayarka. Kwamfutocin nan suna jere dubbai a cikin wasu manyan gine-gine da ake kira cibiyoyin bayanai, masu wuta dare da rana, da na'urorin sanyaya ɗaki, da masu gadi, da injiniyoyi masu kula da su. Sunan gajimare ya samo asali ne daga yadda injiniyoyi ke zana hoton girgije a takarda in suna son nuna sashen hanyar sadarwa da ke can nesa, wanda ba sai an san cikinsa ba. Ni dai a Hausance na fi son in kira shi rumbun haya.

Mu mutanen Akurba muna da misali a ƙofar gida. A watan Fabrairu na 2022 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da babbar tashar rarraba wutar lantarki mai ƙarfin kilobolt 330 a nan garin. Wutar nan ba a nan ake haifar ta ba. Tana zuwa ne ta manyan wayoyi daga tashoshi irin su Kainji da Jebba da Shiroro da sauransu. Mai walda ko mai injin niƙa ba ruwansa da gina madatsar ruwa, abin da ya sani shi ne ya kunna, ya yi aiki, ya biya kuɗin abin da ya sha. Wanda kuwa ya dogara da janaretonsa, shi zai saye shi, shi zai zuba masa mai, shi zai nemo makaniki in ya ƙi tashi. To, mai kwamfutar kansa kamar mai janareto ne, mai hayar gajimare kuma kamar mai jan wuta daga layi.

Na san wani zai yi dariya ya ce, ai kuwa wutar layin ma ɗaukewa take yi. Gaskiya ne, kuma za mu zo kan wannan, domin shi ma gajimare yana da tasa ɗaukewar.

TARIHINSA A TAƘAICE

Tunanin ba sabo ba ne. Tun a 1961 wani shehun malami a Amurka mai suna John McCarthy ya yi hasashen cewa wata rana za a riƙa sayar da aikin kwamfuta ga jama'a kamar yadda ake sayar da aikin tarho. Abin bai kankama ba sai da intanet ya yaɗu. A 1996, shekarar da aka ƙirƙiro Jiharmu ta Nasarawa daga tsohuwar Jihar Filato, aka buɗe Hotmail, inda mutum ke ajiye wasiƙunsa a kwamfutar kamfani, ya buɗe su daga duk inda yake. A 2004 Gmail ya biyo baya. A 2006 kamfanin Amazon, wanda asalinsa mai sayar da littattafai ne, ya fara ba da hayar wurin ajiya da ƙarfin kwamfutocinsa ga duk mai so, ana biya gwargwadon abin da aka yi amfani da shi. Microsoft ya buɗe nasa mai suna Azure a 2010, Google kuma ya fito da Google Drive a 2012.

A nan nahiyarmu, Microsoft ya buɗe cibiyoyinsa a Afirka ta Kudu a 2019, Amazon ya buɗe a birnin Cape Town a 2020. A Nijeriya akwai cibiyoyi a Legas irin su Rack Centre da na kamfanin MainOne, wanda kamfanin Equinix na Amurka ya saya a 2022. Gwamnatin Tarayya na da nata kamfanin, Galaxy Backbone, wanda aka kafa a 2006, yana da cibiya a Abuja, an kuma ƙaddamar da wata a Kano a farkon 2023. Hukumar NITDA ta fitar da manufar ƙasa kan amfani da gajimare a 2019. Ashe ke nan abin ba labarin Turai ba ne kaɗai.

Yaya saƙo ke isa can? In ka ɗauki hoton rasit ka ajiye, daga wayarka zai tafi eriyar kamfanin sadarwa mafi kusa, daga nan ya bi wayar gilashi da ke binne a ƙasa har Legas. In cibiyar a ƙetare take, sai ya shiga wayoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, kamar MainOne da Glo-1 da suka fara aiki a 2010, ko Equiano na Google da ya iso Legas a 2022. Duk wannan tafiya kafin ka mayar da waya aljihu an gama ta.

MUN DAƊE A CIKI

Wa ya taɓa sayen sabuwar waya, aka sa masa imel ɗinsa, sai ga lambobin mutanensa duka sun dawo? To daga ina suka dawo? Daga rumbun haya. Mai sana'ar POS da na'urarsa ta faɗa ruwa, aka ba shi wata, ya tarar da lissafinsa cif, ai ya san kuɗin ba a cikin na'urar suke ba. Lambar BVN da aka fito da ita a 2014, da lambar ɗan ƙasa ta NIN, da sakamakon jarrabawar JAMB da yaranmu ke dubawa ta waya, duk bayanai ne da ke zaune a kwamfutocin da ke nesa, ana isa gare su ta hanyar sadarwa. Saboda haka tambayar ba ita ce za mu shiga ko ba za mu shiga ba. Tambayar ita ce, za mu shiga da ido buɗe ko kuwa a rufe?

HAYAR IRI UKU CE

Masana sun kasa hayar gida uku, kuma zan kwatanta da sana'ar ɗinki. Na farko, a ba ka hayar shago fanko, kai za ka kawo keke da tebur da almakashi. Wannan shi ne hayar kwamfuta zalla da wurin ajiya, manyan kamfanoni da bankuna ke yin sa, masu injiniyoyin kansu. Na biyu, a ba ka shago da keke da tebur a shirye, kai dai ka zo da yadi da gwanintarka. Wannan na masu ƙera manhaja ne, irin yaranmu da ke karatun kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Lafiya ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Isa Mustapha Agwai. Na uku, a miƙo maka ɗinkakkiyar riga ka sa. Wannan shi ne manhajar da aka gama haɗawa, kamar Gmail da Google Drive da Google Sheets da WhatsApp Business da manhajojin rubuta ciniki. Mu 'yan kasuwa, wannan na ukun shi ne namu.

AMFANINSA GA ƊAN KASUWA

Na farko, tsira daga asarar littafi. Manyan kamfanonin nan ba wuri ɗaya suke ajiye bayani ba, sukan yi kwafinsa a kan na'urori daban-daban. In an sace waya ko shago ya ƙone, Allah Ya kiyaye, sai ka sami wata wayar, ka sa sunan asusunka da kalmar sirri, littafinka ya dawo. Ba littafin bashi kaɗai ba. Yawancinmu nan saye muka yi muka gina, kuma kowa ya san darajar takardar cinikin fili mai sa hannun shaidu, da takardun hukumar filaye ta NAGIS, da rasit ɗin haraji, da takardar rajistar sana'a, da takardun haihuwa da na makarantar yara. Hoton takarda ba ya maye gurbin asalinta, amma ranar da asalin ya salwanta, mai hoto yana da lamba da kwanan wata da sunayen shaidu da zai kama, wanda ba shi da shi kuwa sai rantsuwa.

Na biyu, ba ya cin jari. Google na ba kowane mai asusu gigabait 15 kyauta, Microsoft da Apple kowanne na ba da 5. Gigabait 15 zai ɗauki hotunan dubban shafukan littafi. Ba sai ka sayi kwamfuta ba, ba sai ka tada janareto dominta ba, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 kowa ya san abin da kunna janareto ke ci. Kuɗin da za a binne a na'ura ya tafi sarin kaya.

Na uku, littafi ɗaya a gari biyu. Kasuwancinmu ƙafa biyu gare shi, ɗaya a nan, ɗaya a gida. A ce maigida yana Kano, ƙaninsa yana nan Lafiya yana sayen riɗi, yaronsu kuma yana bin ƙauyukan Doma da Obi da Awe. In suna da jadawalin lissafi guda a gajimare, duk buhun da aka auna za a rubuta nauyinsa da farashinsa da kuɗin dako da na mota, kuma nan take maigida zai gani daga inda yake. Ba sai an jira ƙarshen kaka a zauna ana cewa ni ban tuna haka ba. Manhajar kan nuna wanda ya yi gyara da lokacin da ya yi. Zumunci da yawa ya lalace a kan lissafi, ba don wani ya ci amana ba, sai don ba a rubuta ba, ko an rubuta a wuri biyu bai zo ɗaya ba.

Na huɗu, yana buɗewa yana tsukewa daidai da bukata. Sana'armu ta lokaci ce. Da kaka aiki ya yi yawa, da bazara ya ja baya. Wanda ya gina sito don kaka, da bazara sai ya zauna fanko. A rumbun haya kuwa kana iya ƙara wuri a watan da kake bukata, ka rage in ta wuce.

Na biyar, sanin riba ta gaskiya. Da yawa daga cikinmu kuɗin ciniki muke gani mu ɗauka riba ce. In an rubuta komai, manhaja za ta tara, ta ɗebe, ta nuna maka cewa ƙwaryar doyar nan da ka yi murnar sayarwa, bayan kuɗin lodi da na kamasho da na hanya da wadda ta ruɓe, abin da ya rage bai kai yadda kake zato ba. Ta kuma nuna maka wane kaya ne ke tafiya, wane ne ke kwantai, wane ne cikin masu karɓar kaya ke biya a kan lokaci.

Na shida, shaida wajen neman jari. Banki ko kamfanin da ke sayen amfanin gona da yawa, ko wani mai kuɗi da ke son ku yi haɗin gwiwa, abin da zai fara tambaya shi ne ina lissafinka? Mai tarihin ciniki na shekara biyu ko uku a rubuce ya fi mai cewa kowa a kasuwa ya san ni.

Iyayenmu mata, wannan magana har da ku. Mai sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, mai sayar da atamfa a cikin gida, da uwar adashi mai riƙe da zubin mutum ashirin ko talatin, duk kuna da littafi, ko da a bango ake jan layi. Hoton shafin zubi duk mako ya isa ya kashe gardama.

INDA GIZO KE SAƘA

Yanzu bari mu juya ɗaya gefen, domin wanda ya gaya maka daɗin abu bai gaya maka ɗacinsa ba, talla yake yi.

Na ɗaya, in babu hanya babu rumbu. Ranar 14 ga Maris na 2024, cikin azumi, wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu suka lalace daura da gaɓar ƙasar Kwaddibuwa, intanet ya yi rauni a ƙasashen Afirka ta Yamma da dama, harkar wasu bankuna ta tsaya cik a nan Nijeriya. Ranar 4 ga Oktoba na 2021 WhatsApp da Facebook sun ɗauke a duniya baki ɗaya na kusan awa shida. A watan Satumba na 2021 kuma an rufe layukan waya a Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, abin ya shafi wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna daga baya. 'Yan'uwanmu na can sun ga yadda ciniki ke zama in babu sabis. Ga kuma kuɗin data, wanda ya ƙaru bayan hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025.

Na biyu, shi ma rumbun yana iya ƙonewa. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye wata cibiyar bayanai ta kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, kuma wasu masu haya da ba su da kwafi a wani wuri sun rasa bayanansu. Darasin shi ne kada mutum ya dogara da wuri ɗaya, ko da gajimare ne.

Na uku, kuma shi ya fi damuna, shi ne makulli. Ɓarawon wannan zamani ba ya fasa ƙofa, kiran ka zai yi da ladabi ya ce daga banki ne, ko daga wata ƙungiya mai raba tallafi, ya ce an turo maka wasu lambobi ka karanto masa. Kana karantawa ka miƙa masa makullin. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wani tsagewar kuma ita ce, da yawa daga dattawanmu yaron mai gyaran waya ne ya buɗe musu imel, shi ya zaɓi kalmar sirri, su ba su ma san ta ba. Wannan daidai yake da ka gina sito ka bar makullin a hannun magini.

Na huɗu, manyan kamfanonin waje da dala suke sa farashin manyan hayarsu. Da darajar naira ta faɗi daga tsakiyar 2023, kamfanonin Nijeriya masu irin wannan haya sun ji a jikinsu. Duk wanda sana'arsa ta girma har ya fara biya, ya tambaya da wane kuɗi ake lissafi, ya kuma duba na cikin gida.

Na biyar, kyauta tana da sharaɗi. Tun daga Disamban 2023 Google ya ce yana iya goge asusun da aka shekara biyu ba a taɓa shi ba. Haka nan layin waya in aka daɗe ba a amfani da shi, kamfani kan sake ba wani. In da wannan layin ka ɗaure asusunka, ka ga an shiga uku.

Na shida, amanar mutane. Sunayen masu cin bashinka da lambobinsu sirrinsu ne. A watan Yuni na 2023 aka sa hannu a kan dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya. Tun kafin doka ma, al'adarmu ba ta yarda a tona asirin mai bashi ba. Kada a tura littafin bashi cikin zauren WhatsApp na jama'a.

ABIN DA ZA MU YI DAGA GOBE

Ba na son mu tashi da labari kawai. Ga shawarwari shida masu sauƙi.

1. Kada a yar da littafin takarda. Da tsohuwar zuma ake magani. A ci gaba da rubutu kamar yadda aka saba, da boko ko da ajami, duk wanda hannu ya fi sabawa. Abin da za a ƙara shi ne duk yamma kafin a rufe shago a ɗauki hoton shafin ranar, a tabbatar ya hau rumbu. Minti biyu ne.

2. Kowa ya san sunan imel ɗinsa da kalmar sirrinsa. In wani ne ya buɗe maka, ka sa a canja ta a gabanka, kai ka zaɓa. Kada ta zama lambar wayarka ko shekarar haihuwarka.

3. A sa makulli biyu. Google da WhatsApp duk suna da tsarin tabbatarwa mai mataki biyu, yadda ko wani ya sami makulli ɗaya ba zai iya shiga ba. Kuma duk lambar da aka turo wa wayarka, taka ce kai kaɗai, ko wa ya kira.

4. Muhimman takardu su zauna a wuri uku: asalin a akwati a gida, kwafi a wurin wani amintacce ko a kan memori, hoto kuma a gajimare.

5. Kowa ya ba yaron shago izini daidai aikinsa. Ana iya buɗe wa mutum jadawali ya gani kawai, ko ya rubuta, ba tare da an ba shi makullin asusun duka ba. Ranar da ya bar aiki a janye izinin.

6. A tuna da magada. A rubuta makullin a takarda, a like a ambulan, a haɗa da wasiyya ko a ba wanda aka amince da shi. Google ma yana da tsarin da mutum zai ambaci wanda za a ba bayanansa in asusun ya daɗe shiru. Rai ba a bakin komai yake ba, kada rumbu ya tsira daga gobara amma marayu su kasa buɗe shi.

KIRA GA ƘUNGIYA DA MATASA

Mai girma shugaba, ita ma ƙungiya tana da littafi: rajistar 'yan ƙungiya, kuɗin wata-wata, bayanan taro, da takardun kadarorinta. Sau da yawa in an canja sakatare, rabin takardu sai su bi tsohon. Ina ba da shawarar a buɗe asusu da sunan ƙungiya, ba da sunan mutum ba, makullinsa ya kasance a hannun mutum biyu ko uku, a kuma sabunta shi duk lokacin da aka yi sabon zaɓe.

Ku kuma samarinmu, ga aiki ya same ku. Maimakon data ta ƙare a kallon barkwanci, kowane ɗayanku ya ɗauki dattijo biyu ko uku, ya zauna da su, ya nuna musu har su iya da hannunsu. Amma a yi da ladabi da riƙon amana, in an zo wajen sa kalmar sirri ka miƙa wa Baba wayarsa ka kau da kai. Wanda ya ƙware a wannan, sana'a ce a hannunsa, domin 'yan kasuwa da yawa na neman mai riƙe musu lissafi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: dattawa na da sanin kasuwa, ku kuna da sanin waya.

KAMMALAWA

Jama'a, iyayenmu da kakanninmu sun zo ƙasar nan da fatauci, suka zauna lafiya da mutanen da suka tarar, kuma abin da ya riƙe kasuwancinsu shi ne amana da kiyaye lissafi. Gajimare bai zo ya canja wannan ba. Ba zai mai da maƙaryaci mai gaskiya ba, ba kuma zai rubuta abin da ba ka rubuta ba. Wurin ajiya ne kawai, mai arha, wanda wutar kasuwa ba ta kai wa gare shi. A yi amfani da shi, a riƙe makulli da kyau, a kuma bar kwafi a gida. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, amma ƙafar dai ta mai rawa ce.

 Mai tambaya yana iya yi, kuma duk wanda ya zo da wayarsa yana son a duba masa, za mu zauna bayan an tashi. Allah Ya sa albarka a kasuwancinmu, Ya kare mu daga gobara da asara, Ya zaunar da Jihar Nasarawa da Nijeriya lafiya, Ya mai da kowa gidansa lafiya.